Kafin mu sake tafa wa gadar sama, mu yi maganar gadar lilo

Na san ka taɓa ganin irin bidiyon nan, ke ma na san kin gani. Kowace damina sai ya dawo kamar sauro. Rafi ya cika ya batse, samari huɗu sun ɗora babur a kafaɗa suna ratsa ruwan da ya kai musu ƙirji, a bayansu wata mata ta ɗaga jaririnta sama, 'yan makaranta sun cire yunifom sun ƙunshe a leda sun ɗora a ka. Sai mu cika wajen kwament da "Allah sarki" da "Ina gwamna yake?" da "Allah Ya isa". Bayan kwana biyu wani sabon rikici ya ɓarke a TikTok, duk mu kwasa mu koma can. Rafin kuwa yana nan inda muka bar shi.

Ni ma cikin masu kwament ɗin nake, har zuwa hutun watan Agusta da Mama ta aike ni ƙauyensu in kai wa Kaka magani. Daga bakin kwalta zuwa garin bai fi tafiyar minti 20 a babur ba, amma akwai rafi a tsakani. Da rani yashi ne zalla, yara har ƙwallo suke bugawa a cikinsa. Ranar da na je kuwa an kwana ana ruwa, muka tarar da shi ya kumbura, ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Masu fito da kansu suka ce ba mai shiga sai ya sauka. Muka zauna a gindin bishiya tun hantsi har bayan la'asar, ga garin can ina hango rufin masallacinsa. A ɗaya gaɓar akwai wani mutum zaune kusa da kwandunan kuɓewarsa. Ranar kasuwa ce, kuma ta ci ta watse ba shi.

Da daddare na ce wa Kawu, "Wai Kawu, ba ku taɓa kai kuka ba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, tun kana goye muke kai kuka. Sau biyu ana zuwa a auna, a ce kuɗin gadar ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Kowane zaɓe kuma sai an sake gina mana ita da baki." Asibiti yana tsallake, sakandare tana tsallake, kasuwa tana tsallake. Idan naƙuda ta tsananta wa mace a daren da aka yi ruwa, sai dai addu'a da jiran asuba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, faɗin rafin nan bai fi mita 50 ba. Kuma da na zauna na lissafa abin da ke ƙetare shi kullum, sai na ga mai ƙafa ne, da keke, da babur, da jaki, da awaki. Tirela ba ta da abin yi a garin. Amma mu gada ɗaya tak muka sani: ta kankare, mai manyan ginshiƙai a cikin ruwa, wadda za ta ɗauki motar siminti. Idan babu kuɗin wannan, shi ke nan, sai a yi ta iyo. Ni kuwa ra'ayina shi ne, wannan tunanin na "ko babba ko babu" yana cikin abin da ya bar ƙauyuka irin nasu Kawu a yanke. Akwai wata gada a tsakani, kuma lokaci ya yi da mu matasa za mu san ta, mu fara nemanta da sunanta.

Ita ce gadar lilo, wato gadar da igiyoyin ƙarfe ke ɗauke da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba tare da ƙafa ko ɗaya a cikin ruwa ba. Ba sabon abu ba ne. A ƙasar Peru akwai wata mai tsawon kusan mita 30 a kan kogin Apurimak, wadda ake tufkawa da ciyawa tun zamanin daular Inka. Duk watan Yuni mutanen ƙauyukan da ke kusa suna taruwa su yanke tsohuwar su tufka sabuwa cikin 'yan kwanaki, har hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin abubuwan gadon duniya a 2013. A Nepal, ƙasar tsaunuka da kwazazzabai, an shafe sama da shekara 50 ana gina na ƙarfe da taimakon ƙasar Suwizalan, yanzu suna da sama da 10,000. A nan Afirka, a 2001 wani Ba'amurke mai suna Ken Frantz ya ga hoto a mujallar National Geographic na wata tsohuwar gada da ta karye a tsakiya a kan kogin Nilu a Habasha, mutane na jan juna da igiya don su ƙetare. Wannan hoton ne ya haifar da ƙungiyar Bridges to Prosperity, wadda daga baya gwamnatin Ruwanda ta haɗa hannu da ita wajen gina irin waɗannan gadoji a ƙauyukan ƙasar. Ka lura fa, hoto ɗaya. Mu da muke ɗaukar irinsa ɗari duk damina, me muka yi da su?

Mu ma ba baƙinta ba ne. Duk wanda ya je Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki a Legas ya san doguwar gadar lilon nan mai mita 401 da ake hawa a yi selfi, haka ta gandun dajin Kakum a Gana. Wato mun yarda da ita wajen yawon buɗe ido, amma ba mu taɓa tunanin ta kai yarinya makaranta ba.

Me ya sa take da sauƙin kuɗi? Abin da ya fi cin kuɗi a gadar kankare shi ne ginshiƙan cikin ruwa. Sai an tona ƙasa can ƙasa, an kawo manyan injuna, an zuba rodi da siminti tuli, kuma duk da haka ruwa na iya ƙwaƙule yashin gindinsu har su zauna. Gadar lilo ta tsallake wannan duka, don aikinta a bakin gaɓa yake. Igiyar ƙarfe kuma ba ta da nauyi idan aka kwatanta da abin da take iya ɗauka. Dutse da yashi ana samu a wurin, sauran kayan kuwa ana iya kai su inda babbar mota ba ta shiga, kuma da yawan aikin ƙarfin mutanen gari ne ke yin sa a ƙarƙashin injiniya.

To amma kada wani ya ɗauka cewa abu ne da mai walda zai haɗa da yamma ɗaya. Abokin zamana a hostel, wanda ke karantar injiniyan gine-gine, shi ya zaunar da ni ya yi min bayani da igiyar shanyarmu. Ya ce in ja igiyar ta miƙe sak, sannan in rataya jiƙaƙƙen bargo a tsakiya. Ƙusar bangon ta fara lanƙwasa nan take. Ya sassauta igiyar ta ɗan yi ciki, muka sake rataya bargon, ƙusa ta zauna lafiya. Asirin gadar lilo ke nan: duk yadda ka ƙara miƙar da igiya, haka kake ƙara ƙarfin jan da take yi wa abin da aka ɗaure ta a jiki. Idan ka rage cikin da take yi da rabi, ƙarfin jan ya ninka biyu.

Bari in ba ka da lamba. Ana lissafa gadar masu ƙafa ne a kan cewa wata rana za ta cika maƙil da mutane, kusan kilo 400 zuwa 500 a kan kowane murabba'in mita. Ɗauki rafinsu Kawu: tsawo mita 50, faɗin gada mita 1.2. Idan ta cika, nauyin ya kai tan 30, wato buhun masara 300 masu kilo 100, ban da nauyin gadar kanta. Idan igiyoyin sun yi ciki na mita 2.5 a tsakiya, za su ja kowace gaɓa da ƙarfin kusan tan 75. Idan wani mai son burge jama'a ya ce a miƙar da ita ta fi kyan gani, aka mayar da cikin mita 1.25, jan ya koma tan 150. Shi ya sa abin da ya fi muhimmanci a gadar shi ne wanda ido ba ya gani: turken da aka binne a kowace gaɓa, katafaren kankare da duwatsu ko kuma dutsen wurin da aka huda, wanda igiyoyin ke ɗaure a jikinsa. Kamar turken sa ne. Komai kyan igiya, idan turke ya tumɓuke an gama.

Na biyu shi ne tsayi. Dole ƙasan gadar ya kasance sama da iyakar inda ambaliya ta taɓa kaiwa, da tazarar da ko bishiya ruwa ya ɗauko za ta wuce ba ta maƙale ba. A nan ne tsofaffin gari suka fi kowace na'ura amfani, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su nuna maka reshen da ruwa ya taɓa a shekarar babbar ambaliya. Kuma tsayin nan shi ke raba nau'in gadar gida biyu. Inda gaɓoɓi ke da tudu, kamar a tsaunukan Filato ko Mambila, ana iya shimfiɗa katakon takawa kai tsaye a kan igiyoyin, gadar ta yi ciki kamar ragar kwanciya. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Jigawa, cikin zai taɓa ruwa, don haka sai an kafa dogayen turaku na ƙarfe a kowace gaɓa, babbar igiya ta bi ta kansu, a rataye wajen takawar a ƙasanta da ƙananan sanduna. Wannan ta fi tsada, amma ita ce ta dace da yawancin wurarenmu. Duk wanda ya kwafo hoton ta Nepal ya ce a yi irinta a fadama, bai yi aikin gida ba.

Na uku shi ne rawa. Abu mara nauyi yana kaɗawa, da iska da kuma takun mutane. Ko Turawa sun sha kunya a nan. Gadar masu ƙafa ta Millennium da ke Landan an buɗe ta ranar 10 ga Yuni, 2000, bayan kwana biyu aka rufe, saboda da ta ɗan motsa sai mutane suka riƙa daidaita takunsu da motsinta ba su sani ba, rawar ta ƙaru. Sai a 2002 aka sake buɗe ta bayan an sa mata na'urorin da ke shanye girgiza. A gadar ƙauye ana magance wannan da igiyoyin gefe da ke riƙe ta kada iska ta yi wasa da ita, da abin dafawa, da ragar waya a gefe don kada yaro ko akuya su zurma.

Sai maganar abin hawa. Babur da keke da baro suna wucewa a kan irin wannan gada, ɗaya bayan ɗaya. Adaidaita sahu kuwa wani lissafi ne daban: ya fi faɗi, kuma nauyinsa ya taru ne a kan tayoyi uku, don haka sai an faɗaɗa wajen takawar an kuma ƙarfafa shi kada ya lotsa a ƙarƙashinsa. Ana iya yi, amma tun a takarda ake yanke shawara, ba bayan an gama ba. Kuma abin da ba a gina ta dominsa ba, a hana shi shiga da turaku a bakin gadar. Allon gargaɗi ba ya tsayar da direban da ke sauri, mun san halinmu.

Yanzu bari in faɗi abin da na san wasunku za su rubuto a kwament, don ni ma na tambayi kaina.

Wani zai ce, ai irinta ce ta kashe mutane a Indiya. Gaskiya ne. Ranar 30 ga Oktoba, 2022, gadar lilo ta garin Morbi a jihar Gujarat ta tsinke, sama da mutum 130 suka rasu, da yawansu mata da yara. Tsohuwar gada ce tun ƙarni na 19, kuma kwanaki kaɗan kafin nan aka sake buɗe ta bayan gyara. Bincike ya nuna tsatsa ta riga ta ci wani ɓangare na wayoyin da ke cikin babbar igiyar, ga kuma cunkoson mutane ba mai taƙaita su. Darasin Morbi shi ne igiya ba ta yafe sakaci. Dole a sayi igiyar da aka yi wa rufin hana tsatsa irin na kwanon rufi, a lissafa ta da ƙarfin da ya ninka abin da za ta ɗauka, sannan a sa ranar duba ta duk shekara kafin damina, da sunan wanda alhakin ke wuyansa. Idan ba za a yi haka ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wata za ta ce, me ya sa 'yan birni za su samu gadar sama, mutanen ƙauye a ba su lilo? Ba raini ba ne wannan? Na fahimci zafin. Amma ki tambayi matar da ke bakin rafi da mara lafiya ko za ta jira shekara 20 don kada a raina ta. Gadar lilo ba ta hana a yi ta kankare gobe idan gari ya bunƙasa. Kuma ni ban ce ta dace da ko'ina ba. Hanyar da motocin hatsi ke bi tana buƙatar gadar mota. Ƙaramin kwari kwalbati ya ishe shi. Manyan ruwaye kamar kogin Neja, inda kwalekwale ya kife da 'yan biki a yankin Patigi a watan Yunin 2023 aka rasa sama da mutum 100, maganinsu jirage masu kyau ne da rigunan ceto da hana lodin wuce kima. Gadar lilo ta rafukan tsakiya ce, waɗanda suka fi ƙarfin kwalbati, amma ba su kai a ce za a kashe musu biliyoyi ba.

Akwai kuma matsaloli biyu namu na gida. Ɗaya, ɓata-garin da ke cire ƙarafan gwamnati su kai wa masu sayen gwangwan. Wanda ya iya sace murfin kwata a tsakiyar Abuja ba zai ji kunyar kwance noti a daji ba. Don haka sai a toshe notuna da walda, kuma a damƙa gadar a hannun kwamitin gari tun ranar farko, don abin da mutum ya ɗauko wa dutse da kansa ba ya barin a sace. Biyu, tsaro. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Neja, hanyar da babur ɗin mai kai mara lafiya zai bi ita ce babur ɗin ɗan bindiga zai bi. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma mutanen garin ne ya kamata su ce a yi ko a dakata, ba mu da ke zaune da caja a gefe ba.

Ga masu cewa ina ribar, akwai amsa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Wyatt Brooks da Kevin Donovan, sun bibiyi ƙauyuka a ƙasar Nikaragwa na tsawon shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2020. Sun gano cewa a ƙauyen da babu gada, ambaliya na rage kuɗin da mutane ke samu daga aikin ƙwadago da kashi 18 cikin 100, a inda aka gina gada kuwa wannan asarar ta ɓace. Da na karanta sai na tuna da mai kuɓewar nan. Shi bai san sunan Nikaragwa ba, amma ya san lissafin.

To mu me za mu yi, tunda ba mu ke riƙe da baitulmali ba? Mu fara da abin da muka iya. Ka je hutu garinku, maimakon bidiyon kuka na sakan 30, ka yi wanda zai yi aiki. Da rani ka auna faɗin rafin da igiya. Ka sa dattijo ya nuna iyakar ambaliya ka ɗauka. Ka tsaya ranar kasuwa ka ƙirga masu ƙafa nawa, babura nawa. Ka tambayi shugaban makaranta yadda rajistar halarta ke kasancewa a Agusta da Satumba. Ka ɗauki lambar wurin a taswirar wayarka. A Ruwanda ma an yi aikin ƙirga mashigai. Wanda ya zo da lambobi ba a sallamarsa da "za mu duba".

Sannan mu kai shi inda ya dace. Ƙananan hukumomi 774 gare mu, kuma tun ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko an fara ko ba a fara ba a jiharku, kansila da ciyaman su ne mafi kusa da rafin. Akwai kuɗin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, wanda sau da yawa ke ƙarewa a rabon babura da kekunan ɗinki ana ɗaukar hoto. Ka tambayi naka a ƙarƙashin fostin ɗinsa, cikin ladabi: ranka ya daɗe, baburan da aka raba, ta ina za su ƙetare? Ku kuma 'yan'uwanmu na sashen injiniya a ABU da BUK da ATBU da Minna, duk shekara kuna rubuta furojet da ke ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. Me zai hana rukuni ɗaya ya ɗauki rafi ɗaya na gaske, ya gwada ƙasarsa, ya zana masa gada a ƙarƙashin malami mai rajistar COREN? Ko ba a gina ta a shekarar ba, garin ya samu takardar da zai riƙa nunawa mai ɗauke da farashi.

Idan kuma Allah Ya sa aka zo ginawa, kada mu tsaya a selfin ranar yanka kirtani. Mu tambaya: wane injiniya ne ya sa hannu? Mutum nawa take ɗauka a lokaci ɗaya? Wa zai duba igiyar baɗi, kuma da kuɗin wa? A rubuta amsar a allo a bakin gadar kowa ya gani.

Na bar ƙauyen bayan kwana uku, ruwa ya sauka zuwa gwiwa, na naɗe wando na ratsa da takalmi a hannu. Kawu ya rako ni har bakin gaɓa. Na yi masa alkawarin da rani zan dawo da abokin nawa da igiyar awo. Kai ma idan akwai irin wannan rafi a garinku, rubuto sunansa da faɗinsa a kwament, mu fara haɗa jerin tun kafin hadari ya sake haɗowa. Allah Ya tsare mana 'yan'uwanmu da ke tsallake.